Mai Cafa

Ƙarfe ɗayan dare a Nima,
teburin Gariba mai shayi ne kaɗai bai yi barci ba.
Mubaraku ɗan ƙanwata, da ya dawo daga Amurka da farin takalmi,
ya karɓe rimot, ya ce yau ƙwallon can za mu kalla.

Na ga ƙarti cikin hulunan kwano suna karo kamar ragunan layya,
ƙwallon ma ba ƙwallo ba, sai ka ce ɗanyar gwanda.
Na ce, wannan ai kokawa ce aka ɗinka mata riga.
Aka yi dariya. Na laluba aljihu zan biya in tafi.

Sai wani siriri mai lamba tamanin da uku
ya zura da gudu, ko waige babu.
Mai jifa ya saki ƙwallo tun bai juyo ba,
ya aika ta inda ba kowa,
ciyawa ce kawai da farin layi.
Sai ga hannu biyu sun iso wurin
tare da ita.
Wani ƙato ya nushe shi a haƙarƙari,
ya faɗi, ya mirgina,
ya tashi da ita a ƙirji kamar jaririyar da aka ba shi amana.

Na mayar da sidi biyar ɗina. Na zauna.

Mubaraku na ta bayani, yadi goma, dama huɗu.
Ya ce akwai waɗanda suka fi shi gudu,
kuma ba fuskarsa ake bugawa a kwalin takalma ba,
amma in miya ta ƙare, shi ake nema.
Na ce, yaro, yi shiru. Na san mutumin nan.

Shekara goma sha ɗaya ina saman mota a Agbogbloshie
ina jifan kankana, Inusa yana ƙasa.
Tun a shekara ta biyu na daina dubansa.
Idona na kan ta gaba,
hannuna ya san inda yake.
Ba tare ta yake yi ba, raka ta yake,
ya ja hannu baya kaɗan, ya saki gwiwa,
nauyin ya mutu ba ƙara.
Kankana dubu kafin azahar,
ko ana ruwa, ko bawo na santsi, ko yana azumi.

Ni ake wa kirari: Bawa mai hannun majajjawa!
Shi kuwa, wa ke ƙirga abin da bai fashe ba?

Da bayansa ya gaji ya koma Salaga,
aka kawo min wani saurayi, ƙirji kamar ƙofar shago.
Yakan cafe da hannu ɗaya don mata su yi shewa,
kafin la'asar ƙasa ta yi ja,
ƙudaje sun samu biki,
Hajiya Ramatu ta zaftare bakwai daga ladana.
Sai na koma duba kafin in jefa.
Mai duba kafin ya jefa kuwa ya zama nawa.
Wata uku aka sauke ni daga mota,
ana cewa hannun Bawa ya tsufa.
Hannuna lafiyarsa lau.

Ban san wanda ya ci wasan ba.
Abin da na gani,
mai jifa ya ratsa fili a guje
ya gwara hularsa da ta siririn nan,
ya faɗa masa wata magana da ba mu ji ba.

Shekara goma sha ɗaya,
ni ko sannu ban tuna na ce ba,
sai dai, matsa hagu, ga wata nan.

Gariba ya fara kife kofuna.
Ladanin Maamobi na gyaran murya.
Na ari wayar Mubaraku, tawa ba kati,
na karanto lambar daga bayan tsohon rasit.

Sau ɗaya ta yi ƙara.
Ya ɗauka.