Baba a Bakin Ruwa

A Agiliti ba a haƙa ramin rini.
Ka haƙa kamu ɗaya, ruwa ya taso ya gaishe ka.
Shi ya sa mahaifina, Mantau, mutumin Kura,
wanda kakanninsa suka bar ramuka masu zurfin gaba uku a karofi,
ya ƙare da durom uku na roba
a bayan ɗakin katako mai ƙafafu kamar zalɓe.

Baba nake ce masa, baba yake jiƙawa.
Toka daga wurin masu bandar kifi,
shuni a buhu, bisa motar albasa mai sauka a Mil Sha Biyu.
Kwana bakwai yana juya muciya,
sai ya tsoma yatsa, ya ɗora a harshe,
ya ce, "Ya farka."

Wata Laraba da damina, ruwa ya shanye hanya,
kwalekwalen Iya Morufu ya kawo baƙuwa,
'yar Japan, gajeruwa, da furfura a goshi,
takalmin roba ya fi ƙarfin ƙafarta.
"Fumiko," in ji ta, tana dafa ƙirji.
Warin da ke korar masu karɓar haraji
shi ta sunkuya ta shaƙa, ta rufe ido,
ta daɗe.
Sannan ta tsoma yatsa. Ta ɗora a harshe.
Baba ya ajiye muciya.

Ba ta da Hausa, shi kuwa Turancinsa na ciniki ne.
Ta fito da tsohon hoto: kogi a tsakiyar birni,
maza a tsaye, ruwa iya gwiwa,
dogayen yadudduka kwance cikin igiyar ruwa
kamar an shimfiɗa wa kifi hanya.
Ta nuna na uku daga hagu, ta nuna kanta,
sai ta buɗe tafin hannu biyu: babu.
Baba ya gane wannan babun.
Ya baro irinsa a gida, ramuka cike da leda.

Suka zauna su uku a benci ɗaya.
Ita ta ninke farin yadi, ta sake ninkewa,
ta matse shi tsakanin katako biyu.
Iya Morufu na ɗaure tsakuwa da zare, tana mita da Yarbanci
wai an hana ta zuwa kasuwa.
Baba ya bi nasa da allura,
ɗinki ƙanana kamar sawun tururuwa.
Durom ɗaya ya haɗiye duka.

Suka fito kore shar.
Iskar kogin Ogun ta lashe su,
a gaban idona suka koma shuɗi.
Nata tagogi ne jere, na Iya zobba,
na Baba ƙayar kifi.
Muka shanya a igiyar da ta haɗa ɗakinmu da masallaci,
kainuwa na wucewa a ƙasa, ba ruwanta.

Baƙuwa ba ta dawo ba.
Bayan shekara biyu aka saki ruwan madatsa cikin dare,
durom biyu suka nufi teku ba sallama,
na ukun muna tara ruwan sama a ciki.

Da Baba ya rasu, masu wanka suka yi ta cuɗa hannunsa
har liman ya ce su bari,
shuɗin nan ba dauɗa ba ne.
Likkafaninsa ne kaɗai farin yadi
da ya shigo gidanmu ya fita fari.

Yadinta yanzu labule ne a ƙofata.
Rana ta ci gefe ɗaya, danshi ya ci ɗayan,
tsakiyar dai ta ƙi sakin launi.
'Yata Hajjo takan goga hanci a jikinsa
ta ce wari yake.
Nakan ce mata, sake shaƙa.