Huda Uku

Hular da na saya a Quellón
da kuɗin bushiyar teku na wata guda,
baƙa wuluk, roba mai kauri,
ta kama ni daga goshi har wuya
kamar don ni aka yanka ta.

Kawu Eliseo ya juya ta a hannu,
ya ɗaga ta ga rana, ya leƙa ciki.
Ko ƙyallin haske bai ratsa ba.
Ya ce, "Kawo in huda."
Na fizge abata.
Wa ke sayen sabon abu ya miƙa wa ƙusa?
Bai ja ba. Ya koma warware igiya.

Gaba shida a ƙarƙashin ruwa,
tulun iska a bayana, ciyawar teku na lilo,
na hura hanci don in kori ruwa daga gilashi.
Kumfar da ta fita ba duka ta tafi ba.
Wata ta bi ta gefen goshi,
ta lallaɓa, ta sami ɗaki a tsakar kaina.
Wata ta biyo ta. Wata ta biyo.

Sai hula ta fara tashi.
Na ji ta kumbura kamar ƙullin da ya kwana,
tana jan haɓata sama,
tana ɓulɓul a kunnena in na juya,
ƙafa na son ƙasa, kai na son rana.
Bushiya ga ta nan birjik a kan dutse,
hannuna ɗaya na kan aiki,
ɗayan na dafe da kai
kamar mai jin mugun labari.

Na danna da tafi, iskar ta gudu ƙeya.
Na danna ƙeya, ta dawo goshi.
Da na gaji na sa yatsa a gefen kumatu,
na ɗaga bakin robar, na karkata,
ta fice, ɓul ɓul ɓul,
ruwan sanyi ya shigo a madadinta
ya sare ni har haƙori.
Kafin in cika rabin raga
ta sake taruwa.

Da na hau jirgi leɓena ya yi shuɗi.
Kawu bai ce ai na faɗa miki ba.
Ya ɗora ƙusa a kan risho,
gefen butar da Nelda ke dafa mana shayi,
muka zauna muna kallonta tana ja.
Ni na cire hular da kaina.
Ni na miƙa.

Ya kama ƙusar da awartaki.
Cuu.
Warin roba ya cika jirgi.
Cuu. Cuu.
Uku, can a ƙololuwa,
inda iska ke zuwa in ta rasa hanya.
Ya tofa yawu a yatsa ya shafe bakin kowace.

Na ce, "Ruwa fa?"
Ya ce, "Zai shiga. Cokali guda.
Jikinki zai ɗumama shi."

Washegari na sauka.
Na hura hanci, na saurara.
Wani ɗan caƙulkuli a maɗiga,
shi ke nan.
Hula ta kwanta lamo a kaina.

Nelda ta ce daga sama tana gane ni yanzu:
cikin manyan kumfa masu fashewa
akwai wasu ƙanana, siririn zare,
suna hawowa a jere.
Ta ce da su take sanin inda na nufa.