Kala

Tasi'u, ɗan ƙanwata, shi ya yi aikin.
Ya ce kwamfutar ofis ta cika har tana nishi,
ya tattara duk abin da bai gane ba ya watsa a kwandon shara,
kwandon ma ya kife shi.
Lissafin shekara huɗu na manoman shinkafar Auyo:
wa ya karɓi taki, wa ya ari injin ban ruwa,
wa ya biya, wa ya ce sai an yi sussuka.
Ni ne magatakarda. Taro jibi.

Na naɗe akwatin da zanen gado, kamar mai zazzaɓi,
na rungume shi a bayan babur har Haɗeja.
Hansa'u mai gyara ba ta ko dubi fuskata ba.
“Tun da abin ya faru, ka adana wani abu a kanta?”
Na ce ina, wuta ma ba a kawo ba.
Ta ce, “Yau rashin wuta ya yi maka rana.
Ba ta zubar da hatsi, Malam Jibo,
suna kawai take gogewa daga jikin buhu
ta ce wurin nan babu kowa, a jibge sabo.
In ba a jibge ba, kayanka na nan.”

Ta kwance faifan, ta jona a tata.
Janareto na tari a bakin ƙofa,
koren layi na rarrafe
kamar ruwan rani yana neman ƙarshen fangali.
Na yi la'asar. Na dawo. Bai kai rabi ba.

Da suka fara fitowa, babu mai suna,
lambobi ne zalla,
sai mu buɗe ɗaya ɗaya kamar masu kalar gyaɗa:
wannan kwanso ne, wannan da ƙwaya.
Hoton sunan 'yata ya dawo daga wuya zuwa sama,
ƙasan duk toka.
Wasiƙar neman rance ta dawo ba gaisuwa.

Sai ga lissafin. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi
har mai shayi ya leƙo.
Sai ga wani kuma, irinsa sak, na bara,
layi ɗaya ya fi na farko.
Layi na talatin da bakwai:
Jibo Magatakarda, taki buhu uku, bai biya ba.

Wannan ba Tasi'u ne ya share shi ba.
Na tuna daren, na tuna na kulle ƙofa,
na tuna yadda yatsana bai ko yi rawa ba.

Hansa'u ta miƙo hannu, tana hamma:
“Wanne zan zuba maka a filas?”
Ba ta karanta ba. Babu wanda ya karanta.

Na ce zuba duka biyun.

A hanyar gida akwatin ya fi nauyi,
ina ta buga kuɗin buhu uku a farashin bana,
ina auna jar akuyar nan
da ke ɗaure a gindin darbejiya.