Maƙera Tana Hagu

Ƙanena Tsahiru yana gina gari a cikin ɗakinsa,
ba tubali, ba magini, ba jakin ɗaukar ƙasa,
sai na'ura mai murfi
da wayoyi a cukurkuɗe kamar hanjin tunkiya.

Wata uku yana gangarawa fadama da asuba,
can inda Maradi ta fara zama
kafin Gulbi ya shigo ba sallama.
Yanzu mangwaro ne a wurin, da fangalin tumatir.
Yana miƙa wa iska makirufo
kamar mai neman a sam masa garwashi,
ya kamo kukan guga a bakin rijiya,
ya kamo tarin wani mai lambu,
ya dawo da laka har idon sawu.

Da dare sai ya tara goge arba'in
waɗanda babu hannun da ya taɓa jan su,
ya jera su sahu bayan sahu,
ya sa ƙahonin tagulla su taso daga baya,
a ƙarƙashinsu wani gurnani
mai sa kwanon sha rawa a kan taga.
Ya ce, Yaya, wannan shi ne garin da ruwa ya ci.
Ni kam tsikar jikina ta tashi.

Ran Alhamis muka kai wa Kaka Cima a Bagalam.
Ita ta ga garin da idonta,
tana da wushirya sabuwa a lokacin.
Ya ɗora mata abin ji a kan kallabi.
Ta rufe ido.
Goro ya tsaya a kuncinta.
Muka jira har kaza ta gama zagaye turmi.

Ta ce, wa ya mutu?

Tsahiru ya ce, Kaka, gari ne.

Ta ce, garin wa?
Namu bai iya wannan dogon kuka ba.
Namu hayaniya gare shi, ɗan nan.
Ina taɓarya? Ina mai kiran ƙuli-ƙuli?
Ina Ranau maƙeri, mai guduma kamar gurgu,
ya buga biyu, ya huta, ya buga ɗaya,
har uwata na cewa da shi take auna dahuwar wake?

Ta jawo murfin tukunya da ludayin ƙarfe.
Kwal, kwal.
Shiru.
Kwal.

Na ga kunnen ƙanena ya motsa.
Goge arba'in ɗinsa suka koma bakin zaure
kamar baƙin da suka zo ba a gama shara ba.
Ya kunna na'ura, ya ce, sake, Kaka.
Ta sake. Ta ƙara da tarin Ranau.
Ta yi jakin gidan Nomau
da muryar da ban san tana da ita ba,
har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Sai aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta sunkuyar da kai.
Batir ya rage kaɗan, ya ce, ya isa.
A duhun nan ya ɗinka ƙarfenta a jikin kiɗansa,
hasken allo a goshinsa, sauro a wuyansa,
ya bar goge shida kawai, can nesa,
inda ruwa yake tun bai iso ba.

Ya sake ɗora mata.
Ta saurara.
Ta ɗaga yatsa.

A'a. In ka fito daga gidanmu
maƙera tana hagu.

Ya murɗa wani ɗan maɓalli,
guduma ta tashi daga wannan kunne
ta ƙetare kanta a hankali
ta zauna a wancan.

Kaka ta gyara zama.
Ƙafarta ta dama ta laluba ƙasa
tana neman takalmi.

Ta ce, yauwa.
Ku yi shiru, an aike ni.