Sa Hannun Hagu

Na tsallake gadar Kwalkwalawa da hantsi,
warin albasa bai bar rigata ba,
rasit goma sha ɗaya a cikin leda,
na ɗaure su da roba kamar kuɗin adashi.

Shafa'atu na kwance a Mabera.
Kabu-kabu ya kayar da ita ran Talata,
hannun dama yana cikin karan ɗori,
ga rajista za a rufe kafin Juma'a,
an kuma ce akwai saura a kanta.
Saura nawa? Shi ya kawo ni.

Ofishin kuɗi, taga mai raga,
fanka na kwashe zafi daga lungu zuwa lungu.
Malam Lawwali ya ɗago daga kwamfuta:
"Mi kaka so, Baba?"
Na faɗi sunanta, na karanto lambarta
daga tafin hannuna, gumi ya fara cin ta.

Ya duba. Na ga ya gani.
Sai ya karkatar da allon zuwa bango.
"Asusunta ne. Sai da izininta."

Na ce, yaro, ka san wanda ke gabanka?
Ran da aka rufe ubanta
ni na ɗauko ta a kafaɗa.
Kowane sifili da ke cikin akwatin nan naka
buhu ne da na ɗora wa mota a Kara.
Wa zan roƙa kafin in ji labarin gumina?

Bai ɗaga murya ba.
"Jiya wani ya zo ya ce shi kawu ne,
shekaranjiya wani ya ce miji.
Taga ba ta san fuska ba, Baba."
Ya turo takarda ta ƙarƙashin raga.

Na juya, rana ta take,
fushina na tafe a gabana kamar jakin da ya san gida.

Ta karanta a hankali, kai bisa matashi.
Ta kama biro da hagu
kamar ranar da na fara kai ta makaranta.
Arzika, ta rubuta,
haruffan na gangara kamar za su faɗo daga layi.
Gurbi uku ne.
Ya tambaya a faɗa masa: ta sa alama.
Ya biya a madadina: ta sa alama.
Ya sauya lambar waya: ta tsallake.
Can ƙasa ta ƙara, zuwa ƙarshen wata.

Na ce, ƙarshen wata kawai?
Ta yi dariya har ɗorin ya motsa.
"Aron baki nika yi, Kawu, ba saye ba."
Sannan ta kau da kai wajen bango:
"Abin da ka gani can, don Allah ban da faɗa."

Washegari Lawwali ya kira ta a gabana,
ya ji muryarta, ya buga hatimi,
ya juyo da allon.

Saura dubu goma sha takwas.
Amma tsakanin manyan biyan da na sani
akwai ƙananan layuka kamar sawun tururuwa,
dubu biyu, dubu da ɗari biyar, dubu uku,
tun shekarar da ruwa ya cinye mini fadama.
Ashe kuɗin ya hau, ba ta faɗa ba.
Ashe hulunan da take ɗinki da fitilar waya
ba don kashe dare ba ne.

Na biya. Rasit na goma sha biyu.
Sunanta a sama,
nawa a ƙasa, ƙanƙane, inda aka rubuta wakili.

A kan gada na tsaya,
ina ƙirga layukan nan da yatsu.
Yatsun suka ƙare.
Na sayi lemo na ɗari biyar,
na nufi Mabera, bakin aro a rufe.