Matakala Ɗari da Sittin da Biyu

Awa tara nake yi a rataye,
cikin akwatin gilashi bisa tashar jiragen Valparaíso,
ina ɗaga kwantena da yatsu biyu.
Tan ashirin na ratsawa ta hannuna
ko gumi bai tsattsafo mini ba.
Ƙafafuna 'yan rakiya ne kawai.

Fresia kuwa, matata, ƙafa ce jarinta.
Gadon majinyata take turawa a asibiti,
daga ɗakin tiyata zuwa hawa na huɗu, ta sauko, ta koma.
In ta tuɓe takalmi da dare
sai ka ce buhun gishiri ta sauke.

Da can a kan tudun Cordillera muke,
matakala ɗari da sittin da biyu tsakanin titi da ƙofarmu.
Ita da tsaki take ƙirga su,
ni da numfashi.
A ta arba'in, tandar burodin Don Heriberto.
A ta tamanin, kare mai ido ɗaya da ke karɓar harajinsa.
A ta ɗari, Nélida na shanya,
tana tambaya ko jirgin ayaba ya iso.
Ban taɓa cewa zan fita motsa jini ba.
Ashana ce ta ƙare, ko albasa,
unguwa ta aike ni, ban yi musu ba.

Sai gwiwarta ta fara kuka.
Muka kwashe zuwa Curauma,
gida a shimfiɗe, ba hawa ba sauka,
mota na kai mutum har bakin gado.
Titi sumul, amma ba a bar wa ƙafa ko taƙi ɗaya ba.
Burodi, minti goma sha biyu a mota.
Maƙwabcina, lambar motarsa na sani, ban san sunansa ba.

Fresia ta murmure, har waƙa take yi a kicin.
Ni kuwa na ƙara wa bel ɗina huji biyu.
Likita ta duba takarda ta ce, riƙa tafiya.
Na ce, zuwa ina?
Na gwada zagaya katangar unguwa
kamar akuya a turke,
kwana uku na bari.
Tafiyar da ba aike a cikinta nauyi gare ta.

Rufi ɗaya, bargo ɗaya,
abin da ya zame mata magani
shi ke cina a hankali.
Ban faɗa mata ba.

Asabar ɗin nan na hau bas na koma tudu.
A ta sittin na dafa bango, ƙirji na dukan ganga.
Karen ya shinshina ni, ya daɗe kafin ya kaɗa jela.
Na dawo da burodi biyu a takarda.

Ta taɓa, ta ce, ai ya huce.
Ta dubi takalmina, ta dube ni.
Ta ce, mako mai zuwa ka ƙaro albasa.