Ɗan Kwando

Jabir, dafa kafaɗata, ga rami.
Nan muke tashi, ka tuna?
Gaban rumfar Bakit mai faci,
inda yanzu yara ke wanke raksha
suna rigima a kan soso.

Wad Madani ba ta gina mana fili ba,
sai muka ari titinta,
ran Juma'a, da an sallame Asuba,
kafin motocin auduga su yi tari su farka.
Daga bakin kasuwa a miƙe gada,
a bi gefen Nilu, a karyo ta bayan asibiti,
zagaye bakwai.
Tutarmu rawanin Bakit ne a kan gora,
da an gama ya warware abinsa ya naɗa.

Kai ke da kan babur, da birki, da mai.
Ni ba ni da komai sai nauyina.
Kwando ake ce masa don kara,
amma farantin ƙarfe ne da ƙafa ɗaya
da mariƙin da ka yi wa walda da dare
kana rantsuwa zai riƙe raƙumi.

Kwanar hagu in zubo jikina waje
har kunnena ya ji hucin kwalta.
Ta dama in ɗare bayanka
kamar goyon da ba majanyi.
Ba mu taɓa magana a kai ba. Wa zai ji?
Gwiwarka ke gaya mini,
haƙarƙarina ya amsa.

Shekarar da kogi ya cinye gonar lemon Hamad
mu tara muka jeru,
har da ɗan Girkin nan mai jan babur
wanda ƙararsa ke tsinka alwala.
Zagaye na shida muna gabansa da tsawon igiya,
ina jin ƙanshin ragon da aka sa,
sai ga jaki da tulunan madara
da yarinya a baya tana jan wutsiyarsa.
Ka taka. Na tashi sama.
Na sauka cikin magudanar ruwan auduga
da haƙora biyu a tafin hannu.

Wata uku ban gaishe ka ba.
Rago nake wa fushi, don Allah ka ji wauta.
Yarinyar kuwa, Batula ce,
ga ta can tana sayar da shayi ƙarƙashin dalbejiya,
jikokinta huɗu,
ba ta ma san mu ba.

Babur ɗin ya tafi a kilo.
Kwandon na bayan ɗakina,
kaza ta ƙyanƙyashe a ciki sau ba adadi,
ita ma ta iya zama daram.

Yanzu ciwon sukari ya kashe maka fitilu biyu,
ni ke gaba, kai ke biye.
Mutane na cewa duniya juyi-juyi,
ɗan kwando ya zama direba.
Ina jin su, ba na tankawa.

Don ga mu dab da kwanar asibiti,
an yi mata tudun rage gudu har uku,
an dasa allon tallan waya inda muke duba alama,
ni mai ido sai da na yi shakka,
amma taku goma kafin ta
na ji yatsunka sun matsa kafaɗata,
daidai inda gwiwarka take taɓa ni.

Kuma wallahi ban san sanda na karkata ba.

Tsofaffi biyu a gefen titi
sun kwanto hagu kamar iska ta ture dawa,
yara na dariya, mai raksha na danna oda.
Bar su.
Riƙe da kyau, Jabir, mu fita kwanar tukuna,
sannan mu je wajen Batula
ka biya kuɗin shayi,
har yau ina bin ka haƙora biyu.